Lissafin Makin Jami'a: Mu Koye Shi Tun Muna Sakandare

Kowa ya san yadda muke kwana muna tashi da zancen jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Burin kowannenmu shi ne ya ga sunansa ya fito a Zariya, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Amma in ka tambayi ɗan aji shida yadda ake auna ƙoƙarin ɗalibi a can, sai ka ji shiru. Ni a ganina wannan babban giɓi ne, kuma ya kamata a cike shi tun muna nan, gama da sanyin safiya ake kama fara.

A nan makaranta mun saba da cewa wane ya zo na ɗaya, wane ya zo na goma. A jami'a ba haka abin yake ba. Tun daga 1989, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya, jami'o'inmu suke bin tsarin da ke ba kowane darasi nauyinsa. Wannan nauyi shi ake kira yunit. Wani darasin yunit 2 ne, wani 3, wani 4, gwargwadon sa'o'in da ake koyar da shi a mako.

Shi kuma makin da ɗalibi ya ci, akan mai da shi harafi, harafin kuma a ba shi daraja. A yawancin jami'o'inmu 70 zuwa 100 shi ne A, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, darajarsa 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, darajarsa 3. Daga 45 zuwa 49 D ne, darajarsa 2. Daga 40 zuwa 44 E ne, darajarsa 1. Abin da ya kasa 40 kuwa F ne, wato faɗuwa, ba ya da ko ɗigo.

To, ga yadda lissafin yake. A ce ɗalibi ya ɗauki darussa biyar a zango guda. Lissafi yunit 4, ya ci C, wato 4 sau 3, maki 12. Fizik yunit 3, ya ci B, maki 12. Kemistiri yunit 3, ya ci A, maki 15. Bayoloji yunit 3, ya ci D, maki 6. Turanci yunit 2, ya ci A, maki 10. In an tara makin duka ya zama 55, yunit kuma 15. Sai a raba 55 gida 15, a sami 3.67. Wannan shi ne matsakaicin makin zango, wanda 'yan jami'a ke kira GPA. In an haɗa na dukkan zangunan da ɗalibi ya yi, ta wannan hanya dai, shi ake kira CGPA, kuma shi ke yanke darajar digiri.

Mai 4.50 zuwa 5.00 shi ke da digiri mai daraja ta ɗaya. Mai 3.50 zuwa 4.49 yana da daraja ta biyu babba, mai 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, mai 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Ashe ɗalibin namu yana cikin ta biyu babba. Amma da a ce Lissafin nan ya faɗi, da makinsa ya koma 43, a raba gida 15, ya zama 2.87. Darasi ɗaya tak ya sauko da shi daraja guda, ga kuma wahalar maimaita shi baɗi. Shi ya sa darasi mai yunit da yawa ba abin wasa ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shekarar farko. Yaro ya bar gida, babu mai kaɗa masa ƙararrawa, babu mai duba ko ya shiga aji, sai ya ce bari in huta bana, baɗi na dage. To, mu auna wannan magana. A ce karatun na shekara huɗu ne, yunit ɗin kowace shekara daidai da na 'yar'uwarta, shi kuwa ya gama shekarar farko da 2.00. Ko da zai ci A a kowane darasi har shekaru ukun da suka rage, iyakarsa 4.25. Daraja ta ɗaya ta riga ta wuce shi tun bai san hanyar laburare ba. In kuma ta biyu babba yake nema, sai ya riƙe 4.00 shekara uku cur, babu tuntuɓe. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Na san akwai masu cewa bin maki yana sa ɗalibi ya zama mai hadda kawai, har ma ya kai wasu ga satar amsa. Gaskiya ne maki ba shi ne ilimi ba, kuma akwai masu digiri mai daraja ta uku da suka zama abin alfahari. Amma wa ke satar amsa in ba wanda ruwa ya ƙare wa ɗan kada ba? Wanda ya san matsayinsa tun zangon farko ba ya firgita a na ƙarshe. Kuma ko mun so ko mun ƙi, ma'aikatu da yawa da masu ba da tallafin ƙaro karatu darajar digiri suke fara dubawa kafin su ga fuskar mai shi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Malamanmu na lissafi, ku ware mana ko da darasi biyu ne a aji shida, tun da abin bai wuce sau da tarawa da rabawa ba. Iyayenmu, idan ɗanku ya dawo hutu, kada ku tsaya ga tambayar ko ya ci jarrabawa, domin mai E ma ya ci. Ku nemi ganin takardar sakamakonsa, ku tambayi matsakaicin makinsa, a kama hannunsa tun bai kai ga takardar gargaɗi ko kora ba. Mu kuma ɗalibai, ranar da muka shiga jami'a mu nemi littafin dokokinta mu karanta, domin akwai 'yan bambance-bambance tsakanin wata jami'a da wata, musamman kan makin ci, da yawan halartar aji, da kason gwaje-gwajen tsakiyar zango. Abin da ya shige mana duhu mu tambayi malamin da aka ɗora wa kula da ajinmu. Matambayi ba ya ɓata.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.