Filin Noma Da Kiwo: Dusa Ba Ta Raya Ɗan Tarwaɗa A Tanki

Misau ba baƙuwar kifi ba ce, gama kogin Misau, wanda ake kira Komadugu Gana, ya daɗe yana ciyar da masunta. Abin da yake sabo shi ne kiwon tarwaɗa cikin tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, sana'ar da samari suka fara runguma a Misau da Azare.

To, a nan ne ake tafka wani kuskure mai cinye jari. Mutum zai ga mai kududdufi a fadama yana watsa wa kifinsa dusa, kifin kuma yana girma, sai ya ce shi ma haka zai yi a tankinsa. Bai lura ba cewa kududdufin ƙasa, musamman wanda aka zuba wa taki har ruwansa ya yi kore, cike yake da ƙananan halittu da tsutsotsi waɗanda ɗan kifi yake kiwo dare da rana. Dusar nan ƙari ce kawai. Tanki kuwa fayau yake, abin da mai shi ya zuba shi kaɗai ne abinci.

Ɗan tarwaɗa da ya fara cin abinci yana bukatar furotin, watau sinadarin gina jiki, kamar kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari na abincinsa. Idan ya kai tsawon yatsa sai a sauko zuwa kashi 40 ko 45. Dusar masara kuwa da ƙyar take wuce kashi 10. Wanda ya dogara da ita a tanki zai ga 'ya'yan kifin sun tsumbure, kai babba jiki siriri, 'yan kaɗan da suka yi fice kuma su juya su cinye 'yan'uwansu. Ranar ƙidaya sai ya ɗora laifi a kan mai sayar da iri, alhali kuwa yunwa ce.

Tunkuzar gyaɗa da ta waken soya kowacce tana da furotin fiye da kashi 40, amma ba su isa su kaɗai ba, sai an haɗa da garin kifi, wanda yakan kai kashi 60. Waken soya tilas a soya shi tukuna, tunkuzar da ta yi fumfuna kuwa guba ce.

Har ila yau, yawaita abinci ma da nasa lahanin. Abin da kifi bai ci ba ruɓewa yake yi, ya haɗu da kashinsa ya ɓata ruwa. Kududdufi yakan shanye wani abu daga ciki, amma tanki sai an sake masa ruwa. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ruwa yakan yi sanyi kifi ya rage ci, saboda haka sai a rage mudu, a kuma jira hantsi ya ɗaga kafin a zuba.