Kada Alƙalami Ya Fi Ma'auni Sani

'Yan'uwa, akwai wani hali da muka lura da shi cikin takardun kimiyya da muke rubutawa da Ingilishi. Muna son kalmar nan “exactly” ƙwarai, muna kuwa jin kunyar “about”, sai ka ce wanda ya rubuta ta ya tona jahilcinsa.

Mu ɗauki tafkin Kainji. An gama madatsar a 1968, ruwa ya taru har gaɓar Yelwa, ya haɗiye tsibiran Gungawa da yawa. To, ina girmansa? Akan ce wajen murabba'in kilomita 1,300, dalilin “wajen” ɗin nan kuwa kowane masunci na Ngaski ya san shi. Farin ruwa yakan zo da damina, baƙin ruwa ya biyo baya da hunturu daga Gini da Mali, sa'an nan tafki ya janye, har a yi shuka inda dā ake jefa taru. Tsakanin cika da janyewa akwai wajen mita 10. Wanda ya sa “exactly” gaban wannan lissafi ya yaudari mai karatu, ko da bai yi nufi ba.

Har wa yau muna gauraya “accurate” da “precise”, alhali a wurin masu kimiyya ba ɗaya ba ne. Mudun da aka ƙwanƙwasa gindinsa ya loɓa, in ka auna shinkafa da shi sau goma, sau goma zai ba ka abu guda. Wannan shi ne “precise”. Amma kullum tauye mai saye yake yi, don haka bai zama “accurate” ba, watau bai dace da awon gaskiya ba. Matan kasuwar Yelwa ba su bukatar malami ya koya musu wannan.

Abin da ya fi damunmu shi ne juya awo. Yaro ya duba sandar awon ruwa, ya ga ƙafa 12, iska na kaɗa ruwan sama da ƙasa. Ya koma aji ya yi sau da 0.3048, ya rubuta mita 3.6576. Kai! Lissafi daidai ne, amma lambar ƙarshe tana cewa ya ga abin da bai kai kaurin farce ba. Idonsa ƙafa ya gani, sai ya rubuta “12 feet, to the nearest foot”, ko “about 3.7 metres”.

Kada a ce wannan fitinar nahawu ce. Cikinmu akwai waɗanda za su rubuta rahoton da za a duba kafin a gaya wa manomin albasa na Shanga inda ruwa zai tsaya. Muna roƙon malamanmu, in sun ga lambobi huɗu bayan ɗigo, su tambayi yaro da wane ma'auni ya auna, kafin su ba shi maki.