Wai Laifi Ne Don Na Tafi Da Karena Badagiri?

Na daɗe ina haɗiye maganar nan, domin ba na son cacar baki da mutanen da nake jin nauyinsu. To amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tun da na baro Kano a watan Janairun 2024, duk ranar da na je gida, ko aka haɗu a wajen ɗaurin aure, sai wani ya tono zancen a kwashe da dariya: "Ga mutumin da ya ɗauki kare a mota tun daga Kano har bakin teku!" Masu dariya ba su dame ni ba. Waɗanda suka sa na ɗauki alƙalami su ne masu cewa wai na saɓa wa addini, na zubar da mutuncin Bahaushe, na koma kwaikwayon Turawa. Su nake so in ba amsa a wannan fili, don haka masu jiran ci gaban labaran soyayya sai su yi mini haƙuri na yau kaɗai.

Ga yadda abin ya faru. Wurin aikina ne suka mayar da ni Badagiri, garin nan da ke gaɓar teku a yammacin jihar Legas, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Ina da wani baƙin kare mai suna Duna, irin namu na gida mai tsinin baki. Shekararsa 7 a hannuna. Ba a ɗaki yake kwana ba, rumfarsa na bayan gida, kwanonsa daban. A cikin shekarun nan sau biyu ɓarayi na hauro mana katanga, kuma duka biyun shi ya tashe mu. A na biyun har sara ya sha a kafaɗa, tabon na nan har yau.

Da maganar tashi ta tabbata, sai shawarwari suka fara zuwa. Wani maƙwabcina ya ce in sake shi kawai, ai kare ba ya rasa juji. Wani ya ce in sayar wa masu yawon sayen karnuka, alhali ni da shi duk mun san inda suke kai su. Wani kuma, wallahi ko kunya bai ji ba, ya ce a zuba masa guba a abinci a huta. Kawuna ne kaɗai ya yi mini magana ta dattako, ya ce, "Ɗan nan, ka nemi wanda zai riƙe shi mana." Na ce, "Kawu, na nema, mutum huɗu na tambaya, kowa ya ce matarsa ba za ta yarda ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Allah ya kiyaye hanya."

Iyali suka riga ni tafiya, babbar mota ta kwashe kaya, ni da ƙanena da Duna muka bi hanya a ƙaramar motata. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Bayan sallar asuba muka tashi, hazo ya rufe gari, muka bi ta Zariya, Kaduna, muka ratsa Zuba da Gwagwalada da Abaji, muka haye gadar Murtala da ke kan kogin Kwara bayan Koton Ƙarfe, muka kwana a Lokoja. Washegari muka bi ta Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan, muka shiga cunkoson Legas, ba mu isa Badagiri ba sai bayan isha'i.

Kada wani ya ɗauka tafiyar daɗi ce. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora Duna ya yi amai a kan tabarmar da na shimfiɗa masa, laifina ne kuwa, domin na cika masa ciki kafin mu tashi. Daga nan na koyi darasi, sai ruwa kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku mu tsaya ya taka ƙasa, igiyarsa na hannuna. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, saboda haka barinsa a cikin rufaffiyar mota da rana kisa ne, ko da na 'yan mintoci ne. Idan mun tsaya salla, ɗaya ya yi, ɗaya ya riƙe shi a inuwa. A Lokoja masauki biyu suka ƙi karɓarmu saboda shi, ban kuma ga laifinsu ba, gidansu ne. Wani tsohon abokin karatuna ne ya ba mu wuri, Duna ya kwana ɗaure a gindin mangwaro. A wani shinge kuma wani jami'i ya leƙo ya ce, "Malam, wannan fa?" Ƙanena ya ce, "Yallaɓai, karen mota ne." Mutumin ya yi dariya, ya duba katin allurarsa, ya ce mu wuce.

To yanzu bari mu zo kan tuhuma ta farko, wato addini. Ni ba malami ba ne, amma na zauna a zaure, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayyu ba ne. Mafi yawanmu a ƙasar Hausa mazhabar Imamu Malik muke bi. A wannan mazhaba, duk abu mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa da zufarsa, kuma kare na ciki. Duk wanda ya karanta babin tsarki a Muhtasar na Shehu Halil ya san haka. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki, malaman Malikiyya sun ce bin umarni ne na ibada, ba don karen najasa ba ne. Na sani Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, kuma ina girmama wannan fahimta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauki ra'ayi ɗaya a mas'alar da manyan malamai suka yi saɓani, ya mayar da shi sandar dukan ɗan'uwansa.

Ba zan ɓoye hadisan da suka fi ƙarfi a hannun masu suka ta ba. Ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Ya kuma tabbata cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, shi ya sa Duna bai taɓa taka tsakar ɗakina ba. Amma gadin gida fa? Malamai da yawa sun halatta shi ta hanyar ƙiyasi, domin idan an yarda ka tsare tumaki da dawa, yaya za a hana ka tsare 'ya'yanka? Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Idan haka Ƙairawan take shekara 1,000 da suka wuce, me za mu ce game da unguwanninmu na yau?

Sannan ina tambayar masu kafa mini hujja da addini: a wane littafi kuka ga an halatta a sa wa dabba guba don ta tsufa, ko don maigidanta zai tashi? Abin da muka karanta a Buhari da Muslim shi ne labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren kare ya kamo, Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin nan a bakin kogonsu. Duk wannan ba ku gani ba, sai yawu kaɗai kuka gani?

Tuhuma ta biyu ita ce wai ɗabi'ar Turawa ce. Wannan ita ta fi ba ni dariya. Tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan mafarautanmu suke fita daji da karnukansu, su raɗa musu suna, su yi musu magani idan sun ji rauni. Bafillatanin da zai tashi da garkensa daga Arewa ya nufi Kudu da rani, ka taɓa ganin ya bar karensa a tsohon mashekari? Abzinawa suna da irin karensu mai dogayen ƙafafu, wanda duniya ta sani da sunan yankin Azawak na Nijar da Mali, kuma duk inda suka yi ƙaura da shi suke yi. Harshenmu ma shaida ne. Mu ne muke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Ashe tafiya da kare ba baƙuwar aba ce a wurinmu ba. Baƙon abu shi ne wannan hali na ɗan birni, wanda zai mori dabba shekara da shekaru, ranar da ta zame masa nauyi ya jefar da ita kamar tsohon buhu.

Abu na uku shi ne wanda ba wanda ya yi tunaninsa cikin masu ba ni shawara, alhali shi ya fi shafar kowa. Karen da aka sake a titi ba ɓacewa yake yi ba. Shi ne wanda zai shiga garken karnukan juji, ba allura, ba mai kula, ya yi faɗa, a cije shi, ya ciji wani. Ta nan ciwon haukan kare ke yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duk waɗanda suka kamu daga cizon kare suka samo shi. Kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma allurar rigakafinsa tana nan, a ƙasar nan ma ana yin ta karnuka a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, kuma masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon zai daina yawo. Wanda kuma kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. To maƙwabcina da ya ce in saki Duna, shin ya tuna cewa jikokinsa ne ke wasa a bakin wannan jujin?

Kada kuma masu kwana da kare a gado su ɗauka ina bayansu. Tun da na zo Legas na ga gidajen da abincin kare na wata ya fi albashin maigadi, na ga ana sa wa kare riga ana sumbatarsa, yaron gida kuwa na kwana a kan kwali. Wannan ma zalunci ne, kuma ba shi nake karewa ba. Kare ba ɗa ba ne, ba kuma ɗan'uwa ba ne. Dabba ce da ka ɗauko da hannunka, ka ɗora mata aiki, ta yi maka. Abin da ke tsakaninku amana ce, kuma amana ba ta faɗuwa don an canza maka wurin aiki. Idan ka san ba za ka iya ba, to tun farko kada ka ɗauko ɗan kwikwiyo don yara su yi wasa.

Ina da ƙorafi kuma a kan marubutanmu, tunda filinsu ne. A littattafan da na karanta, kare ba ya fitowa sai ya yi haushi a gidan Alhaji don a nuna Alhaji mai kuɗi ne, ko a ari sunansa a zagi wani. Marubucin Amurka John Steinbeck ya zaga ƙasarsu a mota da karensa a 1960, littafin ya fito a 1962, har yau ana karanta shi. Ban ce mu kwaikwaye shi ba. Cewa nake hanyar Kano zuwa Legas, da direbobinta, da masu sayar da doya da manja a bakin titi, da yadda ƙasa ke sauya launi daga fari zuwa kore, da mafarauci da karensa, duk suna nan suna jiran mai rubutawa, mu kuwa mun maƙale a falo da ɗakin amarya.

Duna na nan da ransa. Ranar da na fara kai shi bakin teku ya yi wa igiyar ruwa haushi har muryarsa ta dishe, ya lashi ruwan gishiri ya yi amai, bai sake ba. Kaska ta dame shi a daminar farko saboda laimar wurin, sai da muka yi ta zuwa wajen likitan dabbobi. Yanzu ya tsufa, bakinsa ya yi furfura, amma har gobe in aka taɓa ƙofa da dare shi ne farkon tashi.

Masu dariya ku ci gaba, ba na fushi. Amma mai cewa na yi saɓo, ya kawo mini littafi da babi, ni kuma in na ga gaskiya zan karɓa in janye maganata a wannan fili da na yi ta. Kafin nan, ni dai na gwammace a yi mini dariyar ɗaukar kare a mota, da in tsaya gaban Ubangiji a tambaye ni inda na jefar da shi. Allah ya sa mu dace. Wassalam.