Abin Da Kyamara Ke Faɗa Wa 'Ya'yanmu A Bidiyon Waƙa

'Yan uwana mazauna Kudu, daga Agege da Idi Araba, zuwa Sabo ta Ibadan, har Fatakwal. Yau ina so mu ɗan taɓa maganar bidiyon waƙoƙin zamani da yaranmu ke kallo a waya da shagunan aski. Mu iyaye kullum faɗanmu a kan kalmomin waƙa da shigar 'yan rawa yake ƙarewa. Ni kuwa a ganina aikin kyamara ya fi saurin shiga zuciyar yaro, domin ba sai ya ji Turanci ko Yarbanci ba zai fahimce shi.

Ku lura da kyau. Idan ana so mawaƙi ya zama wani basarake, sai a ajiye kyamara a ƙasa tana kallonsa sama, ko da wada ne sai ya cika allo. Idan ana so ka yi sha'awar agogonsa ko sarƙarsa, sai a matso da ita daf, a rage gudun hoton ya koma tafiyar hawainiya. Sannan a yanka hotuna gutsi-gutsi daidai da bugun kiɗa, kafin ido ya tantance wannan an kawo wancan. Dabarun nan tsofaffi ne. A Amurka, Hype Williams ya yi suna da gilashin kyamara mai kumbura fuska kamar ka duba bayan cokali, wanda ya yi wa Missy Elliott aiki da shi a 1997.

Sai kuma labari. Tun da John Landis ya shirya wa Michael Jackson bidiyon Thriller a 1983, mai kusan minti 14, masu wannan sana'a suka ga cewa waƙa na iya zama ɗan ƙaramin fim. Da tashar MTV Base ta buɗe a Afirka a 2005, mawaƙan Legas suka ƙara ƙaimi, aka samu daraktoci irin su Clarence Peters. To amma labarin da aka fi maimaitawa guda ne: yaro a lungun talakawa da silifa, an yanka, sai ga shi a katafaren gida da motoci. Shekarun wahala da ke tsakani duk almakashin tace hoto ya cinye su, kuma sau da yawa gidan da motar na haya ne. Yaron da ke ganin babansa na tashi da asuba zuwa Mile 12 sauke tumatir, me kuke zaton zai raya a ransa?

Mun ga ƙarfin wannan yanka da haɗi a watan Yulin 2023, lokacin da Davido ya saki guntun bidiyon Jaye Lo na yaronsa Logos Olori. An nuna mutane cikin fararen jallabiya suna salla, sai kuma ga su suna tiƙar rawa. Haɗa hotunan biyu shi ne ya harzuƙa Musulmi, har ya cire bidiyon.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ake ajiye mu. In ka ga Bahaushe a irin wannan bidiyo ko a finafinan Kudu, galibi maigadi ne mai buɗe ƙofa, ko mai shayi can baya inda hoto ya yi dishi-dishi. Kyamara ta wuce shi ta bi mota. Ɗanmu da aka haifa a nan, wanda ake kira aboki a makaranta, yana kallo yana koyon matsayin da aka ba shi.

Hana kallo ba zai yiwu ba, waya na aljihun kowa. Shawarata mu riƙa zama da yaran muna tambayarsu: ina aka tsaya aka ɗauki wannan? Me aka yanke? Wa aka bari a baya? Yaron da ya san yadda ake dabo ba ya ruɗuwa da shi. Kuma in ɗanka ya nuna sha'awar ɗaukar hoto ko tace shi, kada ka ce shashanci ne, ka kai shi ya koya. Muddin kyamara na hannun wasu, a bakin ƙofa za su ci gaba da tsayar da mu.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalam.