Fotasiyam da Ciwon Ƙoda: Gwaji Ke Gaba da Magani

Ƙoda ce ke fitar da rarar sinadarin fotasiyam ta fitsari. Idan ta gaza, sai ya taru a jini. Ƙa'idarsa milimol 3.5 zuwa 5.0 a kowace lita. In ya haura 6.5, zuciya na iya tsayawa farat ɗaya, sau da yawa babu wata alama.

Magani kam akwai. Likita kan yi allurar kalsiyam don kare zuciya, ya haɗa insulin da gulukos su kora sinadarin cikin ƙwayoyin jiki. Akwai kuma garin sha mai kama shi a hanji, irin su Lokelma da aka amince da shi a Amurka a 2018. Amma wa zai ba da su ba a auna jini ba?

A Kakuri ko Sabon Tasha, majinyaci kan sayi diclofenac a kemis, ya ci miyar ruwan toka, ya bi da dabino da ayaba, alhali duk suna ƙara fotasiyam. Kamata ya yi mai ciwon ƙoda, duk ranar da ya je Asibitin Gwamna Awan ko St. Gerard's, ya nemi wannan gwaji da bakinsa, ya kuma nuna wa likita kowace ƙwaya da yake sha.