Kumfar rufin gida a Ingila: 'yan uwa, a yi hattara

Da yawanmu a zango, daga Nima har Kumasi, muna da ɗan uwa a Ingila da ke fama da sanyi da kuɗin gas. To, idan kamfani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce zai fesa kumfa a ƙarƙashin rufin gidansa don ɗumi ya daina fita, shawarata ita ce kada ya yi saurin sa hannu.

Kumfar nan tana aiki fa. Ana fesa ta a jikin katakon rufi, ta kumbura, ta daskare kamar soson katifa, ta toshe duk wata kafa. Gwamnatin Birtaniya ma ta sa ta cikin tallafin Green Homes Grant na 2020 zuwa 2021, kuma an ƙiyasta gidaje kusan 250,000 ke ɗauke da ita.

Matsalar tana wajen danshi. Tururin girki da wanka da shanyar cikin ɗaki sama yake yi. A ƙasar sanyi, idan ya tarar da rufi mai sanyi sai ya koma ruwa. Iskar da ke ratsa rufin ce ke busar da shi. In an fesa kumfa barkatai an toshe hanyar iska, ruwan zai kwanta a katako, ya ruɓar da shi a ɓoye.

Ga kuma banki. Mai duba gida ba ya iya ganin katakon da kumfa ta lulluɓe, shi ya sa wasu masu ba da bashin sayen gida ke ƙin irin waɗannan gidaje. Kankare ta kuwa aikin dubban fam ne. Mutum ya yi shekaru yana aikin dare ya mallaki gida, ranar da zai sayar ya dawo, ko magada su zo rabon gado, mai saye ya kasa samun bashi. Wannan ne ya fi damuna.

Wani zai ce ai ƙwararre na yin ta lafiya lau. Haka ne. Amma wanda ya biyo ka har gida da rangwamen "yau kaɗai", wa ya tabbatar maka ƙwararre ne? Arha ba ta ado.

Ni dai na fi yarda da tsohuwar hanya: a shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 270 a kan silin, a bar wa iska hanya. Wanda ya nace sai kumfa, ya fara tambayar bankinsa a rubuce, ya kira mai duba gida da ba na kamfanin ba, kuma ya adana kowace takarda.