A Ba Majinyaci Kujera A Teburin Shawara

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san koke-koken: layin yankar kati tun asuba, likita ya rubuta magani a ce a je a saya a waje, mai naƙuda ta iso cikin dare ta tarar da ƙofa a garƙame. Ana maganar a majalisa, a gidan suna, a shirin rediyo na kiran waya. Amma ba kasafai take kaiwa teburin da ake raba kuɗi da tsara aiki ba.

Doka kuwa tana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowa damar kai ƙara kan yadda aka kula da shi, ta ce a bincika, ta kuma haramta korar mai buƙatar agajin gaggawa. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙin majinyata, wanda ya tanadi a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji, a fayyace masa kuɗin da zai biya, a rufa masa asiri. Majinyata nawa ne a karkara suka san da zamansa?

Dokar 2014 ɗin ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso yana zuwa kai tsaye asusun asibitocin mazaɓu, kuma bisa tsari sai shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa ya sa hannu tare da mai kula da asibitin kafin a cire ko kwabo. Wannan iko ne babba a hannun jama'a. Sai dai a wurare da dama kwamitin ya zama ladan 'yan siyasa ga magoya baya: ba taro, ba bayani, mata kuma, waɗanda su ne ke cika bencin awo da rigakafi, sai dai a rubuta sunansu don cika takarda.

Mun ga abin da rashin sauraro ke jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda rashin yarda, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai da aka zauna da sarakuna da malamai da iyaye, aka amsa tambayoyinsu, kafin a kai ga nasarar ayyana ƙasar nan ta rabu da cutar a 2020.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da hukumomin lafiya a matakin farko: jama'ar mazaɓa su zaɓi 'yan kwamiti a bainar jama'a, a ware kujeru na gaske ga mata da masu buƙata ta musamman. A liƙa lissafin shiga da fitar kuɗi a bangon asibiti. A karanta haƙƙin majinyata da Hausa a rediyo. Kowace ƙara a ba ta amsa cikin wa'adi sananne, ba tare da an tsangwami mai ita ba.

Ma'aikatan lafiya ma za su amfana, domin jama'ar da ta san halin da asibiti ke ciki ita ce za ta tsaya musu wajen neman magani da ƙarin ma'aikata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambaye shi kafin a fitar da kuɗin gyara.